Furar da Ale-Ale Ya Shayar da 'Yan Isa

Jikokina da ƙawayensu sun ɗauka fura wasa ce. Su kai gero inji, su dawo su zuba a roba, su murɗa da wannan abin mai kukan jirgi, su ce sun yi fura. Rannan ɗaya daga cikinsu ta dube ni ta ce, "Kaka, ai sana'arku ba wuya, gero ne da ruwa." Na ce haka ne ɗiyata, gini ma ƙasa ce da ruwa, je ki ɗora mana soro mu gani. To ku matso, za ni gaya muku yadda ake fura, da yadda fura ta taɓa kwantar da maza a filin ƙwallo.

Ni Kulu a hannun Gwaggona na koya, ƙanwar ubana, can Unguwar Lalle, kafin aure ya kawo ni Sabon Birni. Aikin farko da ta ba ni surfe ne, kuma na daɗe a kansa har na ɗauka ta manta akwai sauran. Surfe ba ƙarfi ba ne. Ki yayyafa ruwa daidai, ki saki taɓarya ta faɗi da nauyinta, dusa ta fita, ƙwaya ta tsira da ranta. In kin yi ƙarfi kin farfasa, in kin yi sanyi kin bar wa mai sha ƙaiƙayi a maƙogwaro. Gwaggo ba ta fitowa dubawa. Tana kwance a ɗaki sai ki ji ta ce, "Ke Kulu, gero kike daka ko gindin turmi?" Da kunne take aiki, kuma kunnen ne babban abin da na gada a wurinta.

Bayan surfe sai bakace, sai wanki, sai daka da citta da kanumfari da masoro, sai tankaɗe, sai ki cura ki jefa a tafasasshen ruwa. Duk wannan mai haƙuri zai iya. Inda ake rabuwa shi ne kirɓi. Dawo ya fito daga tukunya da zafinsa, ki juye a turmi, ki yi ta kirɓa kina yayyafa ruwa, har taɓarya ta daina cewa dum-dum ta koma tsotso kamar ƙafa a laka. Wannan kukan shi ne shaidar fura ta yi. In kika tsaya kafin nan za ta yi gudaji, mai sha ya riƙa tauna yana zaginki a zuci. In kika wuce ta yi danƙo ta ƙi damuwa. Turmina biyu ne, na surfe da na kirɓi, kuma ko maƙwabciya za ta yi kuka ba na ba da aron na kirɓi, don ranar da aka daka daddawa a cikinsa ya tashi daga aiki. Sabuwar ƙwarya kuwa ba a dama fura a ciki sai ta kwana da ƙasari ɗacinta ya fita.

Gidan da na zauna, katangar bayan ɗakina ita ce iyakar filin ƙwallo. Ni ba mai fita ba ce, ko biki sai an ja ni. Masu saye su zo zaure su yi sallama, su miƙo ƙwarya, in miƙa fura. Manomi yana son mai kauri, malami yana son ruwa-ruwa, fataken da ke hawa da sauka Nijar suna son yaji har ya sa su tari, akwai kuma masu neman gyara tun kafin su ga abin da aka zuba. Har yau ban taɓa tsayawa na kalli wasan ƙwallo da idona ba, amma ta bayan katanga na san ihun an ci, na san ihun saura ƙiris, na kuma san irin shirun da ake yi in mu aka ci.

Mai horar da samarin garinmu a lokacin taubashina ne, Mamman, ɗan Gwaggon nan da ta koya mini, don haka ba kunya tsakaninmu. Ya yi shekaru yana bin motocin fatake zuwa Maraɗi, ya dawo ba jari, sai usur a wuya, da hular sanyi da ba ya cirewa ko da bazara, da kalma ɗaya ta Faransanci, wai ma'anarta a yi gaba, da yake kwarara wa yara in suna gudu: "Ale! Ale!" Shi ke nan suna ya bi shi, Ale-Ale. Shi kansa bai iya buga ƙwallo ba. Gwaggo ta ce tun yana yaro in ya kai wa kare shuri shi ke faɗuwa. Amma ya iya sa wasu su buga.

Rabin gari na cewa ba a taɓa yin koci kamarsa ba, rabi na cewa ba a taɓa yin ɗan iska kamarsa ba, kuma a zaurena suke wannan gardamar suna jiran fura. Shi ne mai kai yara gudu cikin rairayin gulbi da tsakar rana. Shi ne ya ajiye ɗan mai unguwa a benci saboda ya zo atisaye da turare, wai wanda ya shafa turare ba ya son gumi. In an yi nasara, dabararsa ce. In an sha kashi, alƙalin wasa surukin baƙi ne. An taɓa kama shi ya matse sandunan ragar gidanmu a fili, na baƙi kuwa ya buɗe su har raƙumi ya wuce da kaya. Da aka tuna masa ai ana canjin gida bayan hutu, sai ya ce ya sani, shi ya sa ya ajiye masu haƙa a gefe.

Abu ɗaya ya gagare shi: bai taɓa cin 'yan garin Isa ba. Isa kuwa 'yan uwanmu ne, Gobirawa kamarmu, tsagar fuska ɗaya, shi ya sa kashinsu ya fi ciwo. Har manyan ƙungiya suka gaya masa, in Isa ta sake zuwa ta ci mu a gida, ya cire usur ya ba wani.

Ana cikin haka shekarar fari ta zo, ta biyu da na gani a rayuwata, wadda ta fi muni. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Gulbi ya zama hanya. Maigidana ya bi 'yan ci-rani ya yi kudu, ya bar ni da yara da turmi, turmin nan kuwa shi ne gonarmu a shekarar. Gero sai wanda fatake suka shigo da shi, shi ma da tafin hannu ake lallaɓa shi. Na koyi haɗa shi da dawa, na koyi cura ƙanana. Dije, Bafulatanar da ke kawo mini nono daga wajen Tsamaye, shanunsu suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ta koma kawo na awaki. Muna ƙara masa garin kuka don ya yi kauri da tsami, kuma ba ma ɓoyewa, don kowa ya san halin da ake ciki. Masu saye sun ragu amma ba su ƙare ba. Mutumin Gobir ya gwammace ya kwana ba tuwo da ya wuni ba fura, ko da farau-farau ne, wato ruwan da fura ta ratsa ta cikinsa ta wuce.

Samari da yawa sun bar gari. Waɗanda suka rage sun rame har wandunan wasa na zame musu. Dattawa suka ce a bar ƙwallo, ba a gudu da yunwa. Ale-Ale ya ce in suka bar fili tasha za su nufa, ya ci gaba da hura usur ɗinsa.

Aikin da ba na mantawa ya shigo mini ne a bayan jaki. Ana saura kwana kaɗan 'yan Isa su zo, sai na ji muryarsa a tsakar gida.

"Ke Kuluwa mai hannun taɓarya, fito ki ga arziki!"

Na fito na ga buhu, na zura hannu, gero zalla, wanda rabona da ganin irinsa tun kafin fari. Na dubi ƙafarsa na ga ta yi futu-futu.

"Mamman, ina kekenka?"

"Ga shi nan cikin buhu." Ya gyara hula. "Hura nika so. Ba irin wagga ta bana da kike cutar bayin Allah da ita ba. Irin ta tsohuwata. Gero zalla, kirɓi har ya yi tsotso, kindirmo na shanu in akwai saniya guda da ta rage a ƙasar ga. Mai kauri, wadda ludayi ka tsayawa ciki ba a riƙe shi ba."

"Allah mai iko. Yau ka tuna ɗiyan mutane na da ciki?"

"Ba tasu ba ce. Ta baƙi ce."

Ku yaran yanzu sai na yi muku bayani. A wurinmu baƙo in ya sauka, kafin gaisuwa ta yi nisa an kawo masa abin sha, kuma ƙin karɓa zagi ne ga mai gida. A shekarar ƙoshi ɗan ƙwallo sai ya kurɓi ludayi ɗaya don cika al'ada, ya ce alhamdu lillahi, ya ture ƙwarya. Ni ma haka na ɗauka za a yi, har na ce masa buhu ya yi yawa. Ya ce, "Kunyar gari nika gudu." Na yaba masa a zuciyata, kun ji wautata.

Na kira maƙwabta muka yi lugude, abin da unguwa ta daɗe ba ta ji ba, har tsofaffi na leƙowa suna tambayar wa ya haihu. Dije ta bi rugage ta haɗo kindirmo na gaske. Ban taɓa yin fura kamar wannan ba.

Ranar wasa 'yan Isa suka iso a bayan a-kori-kura, aka sauke su a zaurena da gindin dogon yaron ƙofar gida. Jagoransu wani dattijo ne, Baba Tela, mai ɗinka musu riguna. Na riƙa damawa ina miƙawa, ina saurare. Da farko na ji bismilla, na ji kurɓa irin ta kunya. Can sai hira ta ɗauke. Can kuma sai na ji ludayi na kankarar gindin ƙwarya. Samarin nan su ma daga fari suka fito, wani cikinsu rabonsa da kindirmo tun damina biyu.

Baba Tela ya ce, "Ya isa, yara, ku tuna abin da ya kawo mu."

Ale-Ale ya ce, "Haba Baba! A gidanmu? So kake a koma Isa a ce Sabon Birni ta yi rowa? Kuluwa, ƙaro ma baƙi!"

Na ƙaro. Baba Telan ma na ji ya ce, to, a ɗan zuba masa kaɗan kada ya ɓata wa mai gida.

Yaranmu kuwa farau-farau aka ba su da ɓarin goro, aka ce abin da baƙi suka rage nasu ne. Suka zo suka tarar da ƙore kamar an wanke. Dogo, golanmu, ya ɗauki ɗaya ya lashe don kada a ce bai samu ba.

Aka hura usur ina wanke-wanke a gindin katanga. Da farko wasa kamar wasa. Ba a jima ba sai na daina jin 'yan Isa na kiran juna. Sai ihu. Kafin in ɗauraye ƙwarya, wani ihun. Daga baya aka ba ni labari wai golansu jingina ya yi da sanda yana hamma, wani na gudu dafe da haƙarƙari, wani ya je ya tambayi alƙalin wasa ko lokacin hutu bai yi ba. Namu kuwa ga yunwa ga haushin fura, suka yi ta zura musu har na daina ƙirga ihu. Aka ɗauki Ale-Ale a kafaɗa, usur ya tsira a wuyansa.

Ba a kwana ba magana ta rabu biyu. Iyayen yaranmu suka ce wane irin mutum ne zai sai da keke ya ciyar da baƙi, ɗiyan gari na haɗiyar miyau. Wannan tasa ce, ya saba. Ta biyun ita ce tawa. 'Yan kallon Isa suka koma gida suna cewa maza goma sha ɗaya ba sa mutuwar jiki lokaci guda haka kawai, magani aka sa a fura. Aka tare Ale-Ale a tasha aka tambaye shi. Maimakon ya ce a'a, sai ya ja hularsa gaba, ya yi murmushi, ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Mai sai da abin ci ba ta da jarin da ya wuce yarda. Fataken Isa suka fara ɗauke ƙafa. Sai manoma. Sai malamin da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya yi shekara da shekaru yana shan furata, ya koma aikawa wata unguwa. Mata suka riƙa cewa hannun da ya iya sa wa baƙo ai ya iya sa wa ɗan gida. In cura fura ta wuni, ta kwana, ta yi tsami a ƙarƙashin faifai, a shekarar da ake bin ƙwayar gero a ƙasa ana tsincewa. Dije ta zo da nono ta koma da shi. Daga nan turmi ya yi shiru, kuma in turmina ya yi shiru tukunyar gidana ma shiru take.

Na aika aka kira Ale-Ale. Ya shigo yana taku kamar wanda ya ci yaƙi.

"Mamman, ka fita ka gaya ma mutane babu komi cikin hurata."

"Ni na ce akwai?"

"Ba ka ce babu ba."

"Kuluwa, ke ba ki san ƙwallo ba. Yanzu daga Gangara har Isa duk wanda ya ji usur ɗina sai gabanai ya faɗi. Tsoro rabin ci ne. Ki bari sai bayan wasan ramuwa."

"Kafin nan ni da ɗiyana mu ci mi? Tsoro?"

"Haƙuri, ɗiyar kawu. Ke da za ki shiga tarihi." Ya ɗaga faifai ya ɗauki curi ɗaya cikin wadda ta yi kwantai, ya gutsura. "Ga shi ni ina ci."

"A cikin gida, inda ba mai gani!"

Ya ɗauki na biyu ya sa aljihu ya fita.

Allah ya sa ina da katanga. Wata la'asar ina tsince tsakuwa cikin 'yar dawar da ta rage, yaran ƙwallo na hutawa a inuwar bayan ɗakina bayan atisaye, sai na ji Dogo ya ce, "Koci, ni fa rannan na lashi ƙwaryar baƙi. Kada abin nan shi kama ni daga baya."

Ale-Ale ya yi dariya irin ta manya. "Kai? Ai da sunan 'yan Isa anka haɗa shi. Ɗan Sabon Birni ko tulu guda ya sha, sai dai ƙarin gudu. Ku na dafa ku tuni."

Yara suka yi ta kabbara. Ni kuwa na ajiye faifai a hankali, na riƙe maganar nan kamar an ba ni ajiya.

Ranar kasuwa sai ga sallama a zaure, murya ta dattijo. Baba Tela ne. Muka gaisa ta bayan asabari.

"Ɗiyata, ban zo faɗa ba, maganin nan nika so. In na saye ne, sai mini. In na gado ne, ara mini. Wasan ramuwa ya matso."

"Baba, wallahi babu komi sai gero da nono."

"Haka masu shi ka cewa."

Na ga rantsuwa ba za ta fisshe ni ba. Na ce, "To Baba, ku kawo geronku, in yi muku irin waccan sak. Amma da sharaɗi. A bainar jama'a za ku ba yaranmu, gaban manyanku da namu, kuma ku faɗa da ƙarfi cewa daga hannun Kulu ta fito."

Ya bi fataken garinsu ya haɗo gero, ya turo matarsa ta zauna a kaina tun daga surfe har curi. Idonta bai bar hannuna ba, ko atishawa za ta yi da ido ɗaya take yi. Da muka gama ta ce, "Ni dai ban ga sa'ad da kinka sa ba."

Na ce, "Ni ma, Inna."

Aka jera curi a manyan ƙore, aka rufe da faifai, aka sa a mota. Ni ban je Isa ba, me zai kai ni. Amma labarin ya zo mini ta baki goma, na tankaɗe shi, ga tsabarsa.

An shimfiɗa tabarmi a bakin fili, manyan gari biyu sun zauna, 'yan kallo sun kewaye. Aka jero ƙore an dama da kindirmo. Baba Tela ya miƙe ya ce, "Baƙinmu, kun karrama mu, ba mu manta ba. Wagga hurar Kulu ce, hannun da kunka shayar da mu da shi. Bismilla."

Yaranmu suka dubi juna suna washe baki. Ale-Ale ya yi tsalle ya shiga tsakani. "Kada wanda ya taɓa!"

Dogo, ludayi na hannunsa, ya ce, "Koci, ai ka ce mu bai kama mu. Ka ce ƙarin gudu ne."

"Na ce a aje!"

Wani dattijonmu ya ce, "Mamman, ƙin abin shan baƙunci? A Isa? So kake ka jawo muna abin faɗa har jikoki?"

Kafin ya sami amsa ludaya sun fara aiki. Ya hura usur, ba wanda ya ɗago. Ya sake hurawa har hula ta karkace. Da ya ga ƙwaryar farko ta kai rabi, sai ya haye benci ya buɗe murya yadda na bayan fili ma suka ji:

"Ku saurara, 'yan banza! Babu wani magani! Ban taɓa sa komi ba, Kulu ba ta san komi ba! Hura ce kawai! Ƙoshi ne! Mai yunwa in ya cika ciki da hura mai kauri, ko kura ta biyo shi bai gudu! Ku aje ludayin nan!"

Sai wani tsoho daga cikin 'yan Isa ya fashe da dariya, fili gaba ɗaya ya ɗauka. Dogo ya share baki ya ce, "To Koci, tunda ba magani, bismilla mana."

Abin da Baba Tela bai shirya masa ba shi ne nasa yaran. An tsayar da su can gefe suna kallo suna haɗiyar miyau, tsoron magani ne kaɗai ya riƙe su. Da suka ji babu, babbansu ya ce, "To ai geronmu ne," suka yo kan ƙore. Baba Tela na jan wannan, wancan ya zauna. Aka ga riga ja da riga shuɗiya a kan ƙwarya ɗaya, ludayi na zagayawa. Alƙalin wasa ma aka ce ba a bar shi a tsaye ba.

Wasan da aka yi ranar, waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ƙwallo ta wuce mutum, ya bi ta da ido ya yi mata addu'a. Gololi biyu kowa ya jingina da sandarsa. Ale-Ale na bakin layi yana "Ale! Ale!" har muryarsa ta dushe, ba wanda ya ale. Aka tashi canjaras, ba wanda ya ci wani, alƙalin ma tun lokaci bai cika ba ya hura ya nemi inuwa.

Abin da ya biyo baya shi ake gardama a kai har yau, Ale-Ale kuwa ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Manyan ƙungiya sun zauna don su karɓe usur, suka kasa haɗa baki kamar kullum, ya ci gaba da abinsa har tsufa. Dabarar kuwa ta bazu. Duk ƙauyen da za a je wasa, Gangara ne ko Tsamaye, sai masu gida su yi karo-karo su cika baƙi da fura, kowa ya san manufar, kuma ba mai iya ƙi. Samari suka gane cewa ranar wasan waje ranar ƙoshi ce, da yawa waɗanda suka ɗaure kaya za su kudu suka kwance. Masu son Ale-Ale suna cewa da gangan ya yi, ya san mutanenmu ba sa karɓar sadaka a idon jama'a, shi ya sa ya ɓoye ta cikin mugunta. Maƙiyansa suna cewa mugunta ce tsagwaronta, Allah ne ya juya ta.

Ni dai abin da na sani shi ne washegarin wasan Isa. Ban gama surfe ba sallama ta fara. Manoma, fatake, har malamin maƙwabcinmu da kansa, yana cewa dama shi bai taɓa yarda da zancen ba. Kowa na cewa a ba shi irin wadda ta kwantar da gari biyu. Na ce ta dawa ce da garin kuka, suka ce a zuba haka nan. Na aika wa Dije ta dawo da nono.

Da rana ta take sai ga Ale-Ale, ba murya, hula a hannu.

"Kuluwa, kin sai da garinku."

"Bakinka ya sai da shi, ni ina gida. Zauna. Tsakaninka da Allah, Mamman, da ka ga yaran Isa na kankarar ƙwarya rannan, ba ka ji tausayinsu ba?"

"Ni? Da na san hanyar da za ni ci Isa ba tare da ƙwayar gero ta shiga bakinsu ba, da ita na bi." Ya miƙo ƙwarya. "Dama mini ruwa-ruwa, ina da atisaye da la'asar. Yau sai sun amayar da hurar nan cikin rairayi."

Sauran kindirmon Dije na nan, da curi biyu na gero zalla da na ɓoye daga aikin Baba Tela. Na dama masa su duka, yadda ludayi ya tsaya. Ya duba, ya dube ni, ya ce ai wannan ta yi kauri. Na ce in ba ya so ya miƙo, akwai masu jira. Bai miƙo ba.

Ranar nan ban ji usur ta bayan katanga ba. Minshari na ji a zaure.